Shin shan ruwan ganyayyaki yana maganin matsalolin ciki?

Tambaya:

Ni mutumin Balan ne a Ƙaramar Hukumar Gaya. Na daɗe ina fama da ƙwannafi da taurin bayan gida, mahaifiyata kuma tana da gyambon ciki da hawan jini. An ba mu shawara mu riƙa markaɗa kabeji da karas da zogale da alayyahu ɗanyu, mu tace, mu sha kofi biyu ko uku kullum kafin mu ci komai, wai yana wanke dattin ciki har mutum ya daina buƙatar maganin asibiti. Shin akwai gaskiya a wannan magana? Kuma akwai illa?

Amsa:

Allah Ya ba ka lafiya kai da mahaifiyarka.

To ɗan'uwa, babu wata magana a kan halaccin waɗannan ganyayyaki, ko an ci su ko an sha ruwansu. Abin da ya rage shi ne sanin amfani da cutarwa, wannan kuwa ga masana lafiya ake komawa. Shawarar da aka ba ku ta haɗa gaskiya da kuskure, kuma kuskuren zai iya cutar da mahaifiyarka fiye da kai.

Ka fara sanin abin da ke faruwa idan aka tace. Ruwan da ya sauka a kwano yana ɗauke da sinadarai masu amfani, kamar bitamin C da fotashiyam da wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Wannan yana taimakon tsohon da ba shi da haƙora, da wanda ya tashi daga jinya abinci bai dawo masa ba. Amma tuƙar da ta rage a rariya, wadda ake zuba wa awaki, ita ce hanji ya fi buƙata. A cikinta zare-zaren da likitoci ke kira faiba suke. Su ne ke riƙe ruwa a hanji, su ƙara wa bayan gida yawa da laushi har ya fita ba tare da yunƙuri ba, wani ɓangarensu kuma abinci ne ga ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a babban hanji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, ya kuma samu aƙalla giram 25 na faiba. Mai taurin bayan gida da ya tace ya zubar da tuƙa ya zubar da mafi yawan abin da yake nema. Hukumar lafiya ta Birtaniya ma ta taƙaita irin wannan ruwa ga mililita 150 a rana, wato bai kai sulusin ledar fiya-wata ba, kuma ko ka sha fiye da haka ba a ƙidaya maka shi a madadin cin ganyen.

A ganina kwaɗon zogale ko na rama da ake yi a gidajenku ya fi wannan ruwa amfani nesa ba kusa ba. An dafa ganyen, faibarsa tana nan, ga ƙuli-ƙuli da ɗan mai, kuma sinadarin bitamin A na zogale da karas ya fi shiga jiki idan akwai maiƙo a tare da shi. Ka ƙara da wake, da miyar kuɓewa ko lalo ko kuka, da isasshen ruwan sha, ka ga yadda cikin zai kasance bayan mako biyu.

Maganar kabeji da gyambon ciki tana da asali, ba ƙirƙira ba ce. A 1949 wani likita a Jami'ar Stanford ta Amurka mai suna Garnett Cheney ya ba majinyata 13 ruwan ɗanyen kabeji, wajen lita guda a rana, ya ba da rahoton cewa gyambonsu ya warke da wuri. Sai dai mutum 13 adadi ne kaɗan, kuma a lokacin ba a san ainihin sababin cutar ba. Sai a farkon shekarun 1980 wasu likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano cewa wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce ke haddasa mafi yawan gyambon ciki, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gano ta da gwajin bayan gida ko na numfashi, ana kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14. Ruwan kabeji ba ya maye gurbin wannan. Sababi na biyu kuma yana cikin aljihun manoma da yawa: ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da piroxicam, waɗanda ake haɗiya bayan an dawo daga gona, sau da yawa ciki babu komai. Ka duba ko mahaifiyarka tana shan su saboda ciwon gwiwa, domin in tana sha, babu ruwan ganyen da zai hana gyambon dawowa. Ɗanyen kabeji kuma yana tara iska, mai kumburin ciki zai iya jin abin ya ƙaru.

Batun wanke dattin ciki kuwa, wannan aikin hanta da ƙoda ne, kuma suna yin sa dare da rana. Gudawar da ke biyo bayan shan kofi uku na ɗanyen zogale ba datti ba ne ke fita, hanji ne aka takura.

Babban haɗarin a wurinmu shi ne rashin dahuwa. Miya tana tafasa, wuta ta kashe abin da ke jikin ganye, ruwan markaɗe kuwa ba ya ganin wuta. Ganyen da aka yi wa taki da kashin dabbobi, ko aka yi masa ban-ruwa da ruwan kwata kamar yadda ake yi a wasu lambuna na gefen Jakara a birnin Kano, ko aka yayyafa masa ruwan da ba a san asalinsa ba a kasuwa don kada ya yi yaushi, zai iya ɗaukar taifot da kwalara da ƙwan tsutsar ciki. A 2021 sama da mutum dubu 100 aka yi zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, Kano da Jigawa suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Sannan inda babu firiji, a zafin bazara da ke haura digiri 40, ruwan da aka markaɗa da safe ba abin sha ba ne da la'asar. In ya fara kumfa ko ya canza wari, a zubar. A guji zuba masa garin ƙara ɗanɗano na kasuwa da ba a san tushensa ba. Mutanen Kano ba su manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasu, bayan shan abin sha da aka haɗa da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami.

Sai ƙoda, kuma nan ne nake tsoron mahaifiyarka. Alayyahu yana da sinadarin okzalet mai yawa, wanda ke haɗuwa da kalsiyam ya zama tsakuwar ƙoda. Tafasawa a zubar da ruwan, kamar yadda iyayenmu mata ke yi, yana rage shi. Markaɗa shi ɗanye kuwa yana tara abin da ke cikin dami guda a kofi ɗaya, kuma likitoci sun rubuta labarin mutanen da ƙodarsu ta lalace ta wannan hanya. Hawan jini da ya daɗe yana raunana ƙoda ba tare da mai shi ya sani ba. Ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da fotashiyam, yawansa a jini yana rikita bugun zuciya, wasu magungunan hawan jini kamar lisinopril ma suna ƙara tara shi. Mai shan warfarin na tsinka jini kada ya ƙara yawan koren ganye farat ɗaya ba da sanin likitansa ba. Mai ciwon suga ya sani ruwan karas da aka tace ya fi karas ɗin saurin ɗaga suga, balle an ƙara zuma ko sukari.

Duk kokwamba ko gurji ko kabewar da ka ɗanɗana ka ji ɗaci irin na duma, kada ka markaɗa. Ɗacin nan guba ne mai sa amai da zubar jini a ciki, kuma a Indiya an yi asarar rayuka ta shan ruwan duma mai ɗaci, har hukumar binciken lafiya ta ƙasar ta yi gargaɗi a ɗanɗana kafin a matse. Ke kuma 'yar'uwa mai juna biyu, ɗanyen ruwan da ba a tafasa ba ba naki ba ne, haka saiwar zogale da ɓawonsa. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kaɗai ya ishe shi, kuma ba a ba yaro irin wannan ruwa kafin ya cika shekara. In gudawa ta kama yaro, ruwan gishiri da suga da zinc ake ba shi.

Idan kai lafiyayye ne kana son sha, ka wanke hannu, ka wanke kayan da tsabtataccen ruwa, ka feƙe karas da kokwamba, ka markaɗa ba tare da tacewa ba, ka sha ƙaramin kofi ɗaya nan take tare da abinci. Da yake kana da ƙwannafi, ka bar tumatir da lemun tsami. A lokacin azumi kada ka buɗe baki da shi in yana tayar maka da ƙwannafi, kada kuma ya zama shi ne sahur ɗinka, domin ba ya riƙe ciki.

Mahaifiyarka kuma kada ta bar maganinta ko na kwana ɗaya saboda wannan ruwa. Ka kai ta Babban Asibitin Gaya, ka tafi da duk ƙwayoyin da take sha har da na kemis, ka nemi a duba ƙodarta a kuma yi gwajin ƙwayar gyambon ciki. In ka ga bayan gidanta ya yi baƙi kamar kwalta, ko ta yi aman jini, ko tana ramewa, ko abinci yana tsaya mata a ƙirji, ranar za ku tafi, kada ku jira gobe.

Allah ne Mafi sani.