Kafin Ka Ɗora Tsaron Manhajarka a Kan Laburaren Kyauta

 Shirin yau na matasanmu ne masu rubuta manhaja, da waɗanda ke biyan kuɗi a rubuta musu. Tambayar ita ce: idan ka tsinci laburaren kyauta a intanet, aka ce maka zai tsare maka manhajarka, ta yaya za ka gane ko ya cancanci ka amince masa?

Bari mu fara da kalmomin. A da, manhaja ɗaya ce ke ɗauke da komai, kamar babban shago mai ƙofa guda. Yanzu kamfanoni da yawa sun koma tsarin da ake kira maikrosabis, wato a yanka manhajar zuwa ƙananan sassa masu cin gashin kansu. Wannan yana kula da rajista, wancan yana karɓar kuɗi, wani kuma yana aika saƙo. Kasuwa kenan mai rumfuna da yawa. Amfaninsa, idan rumfa ɗaya ta samu matsala sauran suna ci gaba da ciniki. Illarsa kuma, kowace rumfa tana da ƙofarta, kuma ɓarawo ƙofa ɗaya tak yake nema.

Shi kuwa laburare, aiki ne da wasu suka riga suka rubuta, kai sai ka ɗauko ka saka a naka. Idan buɗaɗɗe ne, kowa zai iya karanta abin da ke cikinsa. To a nan mutane da yawa ke yaudarar kansu, su ce tunda a buɗe yake ai an duba. Kowa zai iya dubawa, gaskiya ne, amma wa ya duba ɗin?

Ku tuna Log4j. Ɗan laburare ne na yaren Java da ake ajiye bayanan abin da manhaja ke yi da shi. A watan Disambar 2021 aka bayyana wata kafa a cikinsa, wadda ke ba mai kutse damar tura ɗan gajeren rubutu ya sa kwamfutarka ta yi masa aiki daga nesa. A ma'aunin haɗari an ba ta maki 10 cikin 10. Kuma kafar ta shafe shekaru a fili ba a lura ba. Abin da ya fi ɗaga hankali, kamfanoni da dama ba su ma san suna amfani da Log4j ba, domin wani laburaren ne ya shigo musu da shi.

To bari mu ɗauki misali guda mu auna shi tare: Spring Security, wanda masu Java ke yawan amfani da shi wajen tsare maikrosabis.

Tambaya ta farko, su wa ke riƙe da shi? Spring Security ya samo asali ne a 2003 da sunan Acegi Security, a hannun Ben Alex, daga baya ya shiga gidan Spring. Yau akwai ma'aikatan da ake biya albashi don kula da shi, a ƙarƙashin VMware, wanda Broadcom ya saya a 2023. Me ya sa wannan ke da muhimmanci? Dubi abin da ya faru da XZ Utils. Mutum ɗaya ne ya daɗe yana ɗawainiya da shi, aiki ya yi masa yawa. Sai wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shigo yana taimakawa, ya ɗauki kusan shekara biyu yana neman amincewa, sannan ya dasa ƙofar baya. A watan Maris na 2024 wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya gano ta, saboda ya lura shiga kwamfutarsa ta nesa na jinkiri da kusan rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa fa! Don haka ka shiga GitHub ka ga mutum nawa ke da ikon amincewa da canji, da kuma ranar da aka yi gyara na ƙarshe.

Ta biyu, yaya suke yi idan an gano musu kafa? Kada ka nemi laburaren da ba a taɓa samunsa da matsala ba. Sau da yawa hakan na nufin ba wanda ya bincika. A ƙarshen Maris na 2022 an gano babbar kafa a Spring Framework, wadda aka laƙaba wa Spring4Shell, kuma cikin 'yan kwanaki gyara ya fito. Gidan Spring yana da shafin da yake sanar da kowace kafa da sigar da ta toshe ta. Abin da kake nema kenan: hanyar kai rahoto a asirce, da gyara cikin hanzari, da sanarwa a fili.

Ta uku, a kulle yake zuwa ko a buɗe? Da zarar ka saka Spring Security a cikin aikin Spring Boot, duk ƙofofi suna rufewa, sai ka buɗe wadda kake so da hannunka. Wannan alama ce mai kyau, domin mai gaggawa ya fi mantawa da rufewa.

Ta huɗu, yana bin ƙa'idojin da duniya ta sani? A maikrosabis, mutum yana shiga sau ɗaya, a ba shi tikiti mai sa hannu, ya riƙa nuna shi a kowace rumfa. Ƙa'idojin su ne OAuth 2.0 da OpenID Connect, tikitin kuma galibi JWT ne. Spring Security yana duba sa hannun tikitin da lokacin ƙarewarsa. Amma duba ko rumfarka aka yankar wa tikitin, wannan sai ka saita da kanka. Idan ka bari, tikitin wani sashe zai iya buɗe naka. Gwada shi: tura tikitin da ya ƙare, tura wanda ka canja masa harafi ɗaya, tura marar sa hannu. Idan ɗaya ya wuce, tsaya ka duba.

Ta biyar, lasisi. Na Spring Security shi ne Apache 2.0, wanda ya halatta maka amfani da shi a kasuwanci. Amma lasisi na canjawa. A watan Agustan 2023 HashiCorp ya sauya lasisin Terraform da Vault, har wasu suka ɓalle suka kafa OpenTofu. Karanta kafin ka ɗora gininka.

Ta shida, kuma wadda ta fi shafarka: za ka iya bin sa? Spring Boot na fitar da sabuwar siga duk wata shida, kuma tallafin kyauta na kowace siga kusan shekara ɗaya ne. Da Spring Security 6 ya fito a 2022, ya buƙaci Java 17, ya kuma cire tsohuwar hanyar saiti da bidiyon YouTube da dama ke koyarwa. Wanda ya kwafo tsohon darasi zai sha wahala. Wanda ya ƙi sabuntawa kuma, ya tuna da Equifax na Amurka. A 2017 aka sace bayanan mutane kusan miliyan 147 ta wata kafa a Apache Struts, alhali gyaran ya fito tun watan Maris, su ne ba su saka ba.

To mene ne hukuncina? Idan ƙungiyarku ta iya Java kuma akwai wanda zai riƙa sabuntawa, Spring Security zaɓi ne mai kyau. Idan kai kaɗai ne kuma sabon shiga, saitinsa na da yawa, kuma kuskure ɗaya ya isa. Wataƙila ma ba ka buƙatar maikrosabis tukuna. Manhaja ɗaya da ka tsare da kyau ta fi goma da ba ka iya lura da su.

Ga 'yan'uwa da ke Najeriya, ku sani akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Lambar waya da lambar NIN da mutane suka ba ku amana ce, kuma idan suka fita ba za ku ce laifin laburare ba ne.

Aikin gida: yau ka buɗe aikinka, ka lissafa duk laburaren da ke ciki har da waɗanda wasu suka shigo da su, ka kunna Dependabot, sannan ka duba makin kowanne a OpenSSF Scorecard. Ku rubuto mana abin da kuka gano. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.