Ƙarar mota a kan kwana: Gargaɗin da ake yi wa kunnen ƙashi a hanyar Ka'oje

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Bagudo, ya haye Kogin Neja ta gadar Tuga, ya nufi Ka'oje har zuwa Tsamiya a bakin iyakar Jamhuriyar Benin, ya san wannan ƙarar. Da zarar direba ya murɗa sitiyari zai fita daga tasha, sai a ji ƙas-ƙas-ƙas daga gindin tayar gaba. Idan fasinja ya yi magana, amsar ɗaya ce: "Haka take yi, Alhaji, ba komai." To, akwai komai, kuma ba sai bakanike ne kaɗai ke iya gane shi ba.

Galibin ƙananan motocin da ke jigila a wannan yanki, irin su Golf, tayoyin gaba ne ke jan su. Ƙarfin injin na isa ga kowace taya ta wani sandan ƙarfe da kanikawa ke kira shaf. A kansa na waje akwai mahaɗi mai ƙwallayen ƙarfe, galibi guda 6, wanda ke ba taya damar juyawa ko da an karkata ta. Wani injiniyan kamfanin Ford a Amurka, Alfred Rzeppa, shi ya ƙirƙiro shi a shekarun 1920. Abin da ke kare wannan mahaɗi roba ce cike da giris. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ranar da robar ta yage, giris ya fice, ƙurar rani da taɓon damina su maye gurbinsa, su dinga cin ƙarfen kamar dutsen niƙa. Ramukan hanya da lodin buhunan hatsi fiye da kima na ƙara gaggauta lalacewar.

Amma ba kowace ƙara ce ta kan shaf ba, kuma nan ne ake asarar kuɗi. Kafin a sayi komai, a fara duba notocin taya, domin sakinsu ma na kawo bugu. Sannan a sami fili, a murɗe sitiyari har ƙarshe, a zagaya a hankali ta dama da ta hagu, gaba da baya. Idan ƙarar na zuwa bi-da-bi, tana ƙara sauri yayin da motar ke ƙara gudu, kan shaf na waje ne. A leƙa bayan tayar, sau da yawa za a tarar da giris ya fantsama. Idan bugu ɗaya ne mai nauyi lokacin da aka taka totur ko aka sake shi, a binciki kan shaf na ciki da robobin da injin ke zaune a kai. Gurnanin da ke sauyawa idan mota ta karkata a guje, alamar boris ce. Ita kuwa ƙarar da ke tashi a kan gargada ko faɗawa rami, ta fi kama da ta bol-joyin, kuma ita ce mafi haɗari, domin idan ya fita, taya na iya lanƙwashewa ana cikin gudu.

Kanikawa ma da nasu alhakin. Kan shaf da ya riga ya fara ƙara ya cinye. Ɗura masa giris a ɗaure da tsohuwar robar tayar babur ɓoye cuta ne kawai. A gaya wa mai mota gaskiya, a sauya shi. Robar kuwa, da an ga ta fara tsagewa a canza ta, domin kuɗinta bai kai rabin na sabon kai ba.

Ranar da shaf ya tsinke, injin zai yi ta kuka motar ba ta motsawa. Idan a cikin gari ne, da sauƙi. Idan kuma da magariba ne a dajin da ke tsakanin Ka'oje da Tsamiya, da mata da yara da mara lafiya a ciki, lamarin ya wuce na aljihun direba. Shi ya sa ya kamata shugabannin tashoshinmu su riƙa sa kowace mota ta yi zagaye ɗaya a gabansu kafin a ba ta lodi. Wadda ta yi ƙara ta wuce gareji. Fasinja ma yana da ikon sauka ya jira ta baya, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.