Abin Da Ke Kashe Batir A Bakin Tafkin Kainji

Tun 1968 da aka gama madatsar Kainji, ruwan Kwara ke ba manyan biranen ƙasar nan wutar lantarki. Amma wanda ya bi gaɓar tafkin daga Wara ta ƙasar Ngaski zuwa Yelwan Yawuri, ya zarce Shanga, zai tarar da ƙauyuka da tungayen masunta da yawa waɗanda fitilarsu da rediyonsu da cajin wayarsu duk a kan batir suke. Mun lura kuwa batirin da ya kamata ya yi shekaru yakan mutu kafin damina biyu. Laifin ba na maƙerinsa ba ne kullum.

Wani Bafaranshe, Gaston Planté, shi ya ƙago irin wannan batir a 1859. Cikinsa ɗakuna shida ne, kowane na ba da bolt 2, watau 12 ke nan gaba ɗaya. A kowane ɗaki akwai faifayen dalma jiƙe cikin asid da aka sirka da ruwa. Sa'ad da ake jan wuta, wani farin gishiri yakan kwanta a kan faifayen, caji kuma shi ke narkar da shi. In aka bar batir ba caji mako da makonni, gishirin nan sai ya ƙanƙare, ba ya sake narkewa. To, wannan ita ce cutar da ta fi kashe su. Saboda haka kada a sha fiye da rabin wutarsa. In ma'auni ya nuna 12.6 bayan ya huta, a cike yake. In ya sauko 12.2, a kai shi caji ran nan, kada a jira ranar kasuwa. Malaman da ke kulle batirin makaranta a sito duk tsawon hutu, lalle su riƙa tuna wannan.

Caji kuma ba ya son gaggawa. Batir mai ƙarfin amfiya 100 ana ba shi kamar amfiya 10 ne, ya kwana yana sha. Wanda ya haɗa shi da farantin sola kai tsaye, ba na'urar da ke tsai da wuta in ya cika, dafa shi yake yi. A yi caji inda iska ke shiga, nesa da murhu da taba, gama iskar da ke fita daga cikinsa tana kama wuta.

Sai maganar ruwa, wadda ta fi damunmu. A Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a ƙasar Yawuri, ruwan batir sai ya yi ta ƙafewa har faifaye su leƙo. Mutum ga tafki a gabansa, sai ya ɗebo ya zuba. Ruwan kogi da na rijiya suna ɗauke da laka da gishirin ƙasa masu cin faifaye a hankali. Tataccen ruwan da aka samu daga tururi shi ake so. In babu, ruwan sama da aka tara cikin roba mai tsabta, ba ta indararon kwano ba, ya fi na kogi nesa. Kada a ƙara asid, domin ruwa kaɗai ke tashi, asid yana nan. A rufe faifaye da ruwa kaɗan, a ajiye batir a inuwa, a wanke kawunansa da ruwan kanwa ba tare da ya shiga ciki ba, sa'an nan a shafa basilin.

In ya mutu fa? Mun san akan fasa shi a narka dalmar don nauyin birgi. Muna roƙon malamai su yi wa iyaye bayani: gubar dalma ce ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Hayaƙinta da ƙurarta ba sa barin ƙwaƙwalwar yaro lafiya. A mai da mataccen batir ga dillali da murfinsa a rufe, yakan ma rage wa mutum kuɗin sabo.