Fistol mai araha da saƙon da ke yawo a WhatsApp

Wani saƙo ya kwana biyu yana zagaye zaurukan WhatsApp, ɗauke da bidiyon wani Ba'amurke yana yabon ƙaramar bindigarsa ƙirar Turkiyya. A ƙasansa an jero alkawura: wai tana da araha, ta kai fistol ƙirar Glock inganci, na'urar bincike ba ta ganin ta, kuma ba ta taɓa tashi sai an danna kunama, don haka mutum ya ɗana ta ya tura ƙarƙashin matashi ya yi barcinsa.

Batun araha gaskiya ne. A Amurka, fistol irin su Canik ta Turkiyya da Taurus ta Barazil sukan zo ƙasa da farashin Glock, kuma da yawa daga masu Canik suna yaba laushin kunamarta. Zancen na'urar bincike kuwa shirme ne, domin ko jikin na roba ne, bututu da harsashi ƙarfe ne.

Inda saƙon zai iya janyo makoki shi ne maganar matashi. A 2013 wani jami'in tsaro a jihar Iowa ya kai ƙarar kamfanin Taurus, yana cewa fistol ɗinsa ƙirar PT-140 ta suɓuce daga ƙugunsa lokacin da yake bin wani mai laifi, ta bugi ƙasa ta tashi, alhali makullin kariya na rufe. Ƙarar ta zama ta gayya a kotun tarayya da ke Florida. A 2015 aka yi sulhu wanda ya shafi ƙira 9 da bindigogi kusan miliyan 1. Kamfanin bai amsa cewa akwai aibi ba, amma ya yarda ya duba su kyauta ko ya karɓe su ya biya masu su. Sulhun ya tsaya ne kan waɗancan ƙirori kawai, saboda haka ba hujja ba ne a kan kowace fistol mai araha.

Tsada ma ba ta tsare kowa ba. A 2017, shekarar da sojojin Amurka suka zaɓi fistol ƙirar SIG P320, kamfanin SIG ya buɗe shirin gyara ta kyauta bayan an nuna cewa takan tashi idan ta faɗi ta wata kusurwa. Shi ya sa masu koyar da harbi a can suke nanata cewa a ɗauki kowace bindiga tamkar ɗananniya ce, kada a dogara da makulli. Kuma ko bindigar lafiya lau take, ɗan shekara biyar da ya zura hannu ƙarƙashin matashi zai iya danna kunama, balle mai laushi irin wadda ake yabo a bidiyon.

Wanda ya haɗa saƙon nan bai damu ya faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma wannan ganganci ne da rayukan mutane. Masu tura shi gaba kuwa ba abin zargi ba ne sosai. Magidancin da 'yan bindiga suka kwashe maƙwabtansa a Zamfara ko Birnin Gwari, duk abin da ya yi kama da kariya zai saurara.

Sai dai shi ma an ɓoye masa wani abu. Ba'amurken bidiyon ya sayi tasa a shago mai lasisi, yana da kamfanin da zai koma wa idan ta yi gardama. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta saka fistol cikin haramtattun makamai, lasisinta sai daga Shugaban Ƙasa, kuma riƙe ta ba izini na iya kai mutum ɗaurin shekara 10. Ko a 2022 da gwamnatin Bello Matawalle ta ce Zamfarawa su nemi bindiga, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Saboda haka fistol ɗin da za ta iso hannun mai saye a nan ta bayan fage za ta biyo, ba takarda, ba wanda zai gaya masa ƙirar da aka taɓa janyewa ce ko ma jabu ce.