Ƙarar kunne: Larurar da ke hana ma'aikatan Ebute Metta barci, da taimakon da ke zuwa ta waya

Da rana ba a cika jin ta ba. Tsakanin injinan markaɗe na kasuwar Oyingbo da rugugin janareto da jiniyar jirgin ƙasa a tashar Mobolaji Johnson, ƙarar da ke cikin kunne ba ta samun wurin fitowa. Sai dare ya tsala, mai niƙa ko ɗan dako ya kwanta, sannan ta taso. Wani ya ji kamar kukan gyare, wani kamar fito, alhali na kusa da shi bai ji komai ba.

Likitoci na kiran larurar tinaitos. Wani nazari da mujallar JAMA Neurology ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na manya a duniya na fama da ita. Galibi tana biyo bayan lalacewar ƙananan ƙwayoyin ji na can cikin kunne, sai ƙwaƙwalwa ta riƙa ƙirƙiro sautin da zai cike giɓin. Hayaniya ce kan gaba wajen jawo ta, amma magunguna irin su kwinin da allurar gentamicin ma na iya haddasa ta. Hukumar kare muhalli ta Jihar Legas, LASEPA, ta ƙayyade desibel 55 da rana a unguwannin zama; wanda kuwa sai ya ɗaga murya kafin abokin aikinsa ya ji shi, wurin ya zarce hakan nesa ba kusa ba.

Har yanzu babu ƙwayar da ke kashe ƙarar. Abin da ya fi samun goyon bayan bincike shi ne horon sauya tunani da ɗabi'a, wato CBT, wanda ba ya rage sautin, sai dai ya rage fargaba da rashin barcin da ke tattare da shi. Majiyyaci kan koyi sassauta jiki, ya daina sauraron kunnensa kullum, ya kuma rabu da zaton cewa hauka ko kurumta ce ke tafe. Masanin Suwidin Gerhard Andersson da abokan aikinsa sun gwada bayar da wannan horo ta intanet tun 2002, kuma a 2020 hukumar NICE ta Ingila ta sanya shi matakin farko ga masu damuwa da larurar.

Maganin sauti ya fi sauƙi: fanka, ko sautin ruwan sama a waya, a ƙasa-ƙasa yadda ba zai binne ƙarar gaba ɗaya ba. Hujjar amfaninsa shi kaɗai ba ta kai ta CBT ƙarfi ba, kuma mai ƙure sauti a iyafis yana ƙara wa kunnensa rauni ne.

Matsalar ga Bahaushen Ebute Metta ko Agege ita ce darussan galibi da Turanci suke, ga kuɗin data, yayin da masu tallar maganin ɗigawa a Facebook ke alƙawarin waraka cikin kwanaki.

Akwai kuma inda waya ba ta isa. Idan ƙarar a kunne ɗaya take, ko tana bugawa tare da zuciya, sai an ga likitan kunne, kamar a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba. Idan ji ya ɗauke farat ɗaya, a ranar ya kamata a je.