Yadda takardar CV ke tsallake tankaɗen kwamfuta

A shagunan buga takardu na Tudun Wada a Jos akwai aikin da ba ya yankewa. Matashi ya gama Jami'ar Jos ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Barikin Ladi, ya kammala bautar ƙasa, ya zo a buga masa CV. Mai shago sai ya buɗe wadda ya yi wa wani jiya, ya goge suna ya sa sabo, ya maƙala hoto a sama, ya ƙawata gefe da launi. A fitar da ita a takarda, a sake ɗaukar hotonta da sikana, a tura wa ma'aikatu barkatai. Idan aka ji shiru sai a ce ai sai mai uwa a gindin murhu. Ba na musun cewa sanayya tana aiki a ƙasar nan, amma da yawa daga cikin takardun nan sun faɗi tun kafin a kai ga zancen sanayya.

Bankuna, kamfanonin sadarwa da manyan ƙungiyoyin agaji galibi ta intanet suke karɓar takardun masu neman aiki, kuma manhajar da ake kira ATS ce ke fara karɓa. Workday, da Taleo na kamfanin Oracle, da SuccessFactors na SAP duk irinta ne. Tana karanta rubutun, ta raba shi gida-gida: suna, makaranta, wuraren aiki, ƙwarewa. Jami'in ɗaukar ma'aikata da ke da dubban takardu a gabansa sai ya rubuta kalmomin da yake nema, manhajar ta fito masa da masu ɗauke da su. Kamar rariya take, ba ta san gari mai kyau ba, girman ƙwaya kawai ta sani. A wani bincike da Makarantar Kasuwanci ta Harvard da kamfanin Accenture suka fitar a 2021, wanda ya shafi Amurka da Birtaniya da Jamus, kashi 88 cikin ɗari na masu ɗaukar aiki sun yarda cewa ana zubar da ƙwararrun da suka cancanta don kawai ba su yi daidai da abin da aka rubuta a tallar aikin ba.

Abu na farko, tabbatar manhajar za ta iya karanta takardarka. CV da aka ɗauka da sikana ko kyamarar waya hoto ce, kuma manhajoji da dama ba sa ganin harafi ko ɗaya a cikinta. Gwajin ba wuya: buɗe fayil ɗin, ka yi ƙoƙarin kwafe rubutun ka zuba a wani shafi. In ya ƙi kwafuwa, ko ya fito a hargitse, haka manhajar ma za ta gan shi. Ka ce wa mai shago ya ajiye maka ita kai tsaye daga Word, ko ya mayar da ita PDF ba tare da an bi ta takarda ba. A cire teburori da shafi mai rabi biyu, lambar waya kuma ta zauna a cikin jikin rubutu.

Sai babban aikin, wanda ba mai shagon da zai yi maka shi. Ɗauko tallar aikin, ka karanta ta da biro a hannu, ka ja layi a ƙarƙashin sunan muƙamin, da takardun shaidar da ake buƙata, da manhajojin da aka ambata, da duk kalmar da aka maimaita. A ce aikin akanta ne, talla ta ce “bank reconciliation”, “payroll” da “QuickBooks”. Kai kuma a lokacin bautar ƙasa ka daidaita lissafin wata makaranta da takardar banki duk ƙarshen wata, ka shirya albashin malamai, amma abin da ke CV ɗinka shi ne ka taimaka a ofishin kuɗi. Aikin ka yi shi, sunansa ne ba ka kira ba. Sake rubuta layin da kalmomin tallar, harafi da harafi, ka faɗi inda ka yi da tsawon lokacin. Wanda ya yi karatu a kwalejin akantoci ta ANAN da ke Kwall ya rubuta ANAN, ya kuma rubuta cikakken sunan ƙungiyar, domin bai san wanne jami'in zai nema ba. Haka NYSC da HND. Wannan na nufin kowace talla da tata CV. Da wahala, amma takarda biyar da aka gyara sun fi hamsin da aka watsa.

Akwai masu ba da shawarar a kwafe tallar gaba ɗaya a ɓoye ta da farin rubutu a ƙasan shafi. Kada ka yi. Da zarar manhajar ta zare rubutun, ɓoyayyen yakan bayyana a gaban jami'in, kuma daga nan ya daina yarda da sauran abin da ka rubuta. Haka sa sunan manhajar da ba ka taɓa buɗewa ba: ranar ganawa za a iya ajiye maka kwamfuta a ce bismilla.

A kula kuma da tambayoyin da shafin ke yi kafin a ɗora CV, irin su matakin digiri, shekarun haihuwa, shekarun aiki da ko an gama bautar ƙasa. Sau da yawa a nan ne ake cire mutum kai tsaye. Mai shago da ke sauri don layi ya taru zai iya danna abin da ba shi ba, don haka zauna kusa da shi, ka karanta kowace amsa da idonka, kuma adireshin imel da lambar wayar da za a sa su zama naka, waɗanda kake dubawa kullum.