Me Ya Sa Sabuwar Kwamfuta Ba Ta Ganin 'Yan Uwanta?

A gidaje da yawa, da kuma ɗakunan kwamfuta na makarantu, akan tarar da na'urori iri dabam-dabam suna aiki tare. Wata na amfani da Windows, wata ta kamfanin Apple ce, wata kuma tsohuwa ce da aka sa wa Linux domin ajiyar hotuna da takardu. Sai a sayo sabuwa, a haɗa ta, intanet ta buɗe lafiya lau, amma ta kasa ganin fayilolin da ke cikin sauran. Nan da nan sai a yi zaton ta zo da lahani. Galibi kuwa lafiyarta ƙalau. Abubuwa uku ne ake bukata kafin kwamfutoci biyu su yi musayar fayil: adireshi, da harshe ɗaya, da kuma izini.

Mu fara da adireshi. Na'urar da ke rarraba intanet a gida, wato rauta, ita ce ke ba kowace kwamfuta lambarta, misali 192.168.1.10. A yawancin gidaje, sassa uku na farko na wannan lamba iri ɗaya ne ga dukkan na'urorin, na ƙarshe kaɗai ke bambanta. Idan aka haɗa sabuwar kwamfuta da layin baƙi na Wi-Fi, za ta sami intanet, amma rauta za ta killace ta daga sauran. Haka kuma lambar kan canja daga lokaci zuwa lokaci, saboda haka ya dace a umarci rauta ta keɓe wa kwamfutar ajiya lamba guda ta dindindin.

Sai batun harshe. Kamar yadda 'yan kasuwa daga ƙabilu dabam-dabam ke bukatar harshe guda na ciniki, haka kwamfutoci ke bukatar ƙa'ida guda ta neman fayil da miƙa shi. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce SMB, wadda Barry Feigenbaum ya ƙirƙira a kamfanin IBM a shekarar 1983, daga baya kamfanin Microsoft ya ɗauke ta ya sa a Windows. A ƙarshen 1991, wani ɗalibin jami'a a birnin Kanbera na ƙasar Ostareliya, mai suna Andrew Tridgell, ya zauna yana nazarin saƙonnin da ke kai-da-komo tsakanin na'urori har ya gane tsarinsu. Daga wannan aiki nasa aka sami manhajar Samba, wadda ke ba Linux damar magana da Windows. Shi ma kamfanin Apple ya mai da SMB babbar hanyarsa ta raba fayil a shekarar 2013.

To amma harshen da kansa ya canja. An fito da SMB2 a 2006, sannan SMB3 a 2012, wadda ke iya kulle saƙo ta yadda mai leƙen asiri ba zai karanta ba. Tsohuwar kuwa, SMB1, ta zama abin tsoro. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wata ɓaraka da ke cikinta, ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, tana neman kuɗin fansa. A Ingila sai da asibitoci suka soke ganin dubban marasa lafiya. Tun daga ƙarshen wannan shekara Microsoft ya fara cire SMB1 daga sababbin fitowar Windows, Samba ma ta rufe ta a 2019. Ke nan idan tsohuwar na'urar ajiya ba ta jin komai sai SMB1, sabuwar kwamfuta za ta ƙi kula ta da gangan.

Akwai kuma bambanci tsakanin ganin kwamfuta a jerin sunaye da iya shiga cikinta. Tsohuwar hanyar sanar da suna ta dogara ne da SMB1, kuma a yau Windows da Apple kowanne na da tasa hanyar. Don haka kwamfuta na iya ɓacewa daga jerin alhali tana nan tana aiki. Sai a kira ta da lambarta kai tsaye: a Windows a rubuta \\192.168.1.10, a Apple ko Linux kuwa smb://192.168.1.10.

Na uku shi ne izini. Windows kan ɗauki sabuwar hanyar sadarwa a matsayin ta jama'a, irin ta tashar mota ko otal, sai ta rufe ƙofofinta har sai an shaida mata cewa ta gida ce. Sababbin fitowarta kuma sukan ƙi shigar baƙo wanda ba shi da suna da kalmar sirri. Abin da ya fi shi ne a buɗe wa kowane mutum asusunsa a kan kwamfutar ajiya, a tantance wanda zai karanta kawai da wanda zai iya gyara ko gogewa.

Mai gaggawa kan so ya sake kunna SMB1 domin komai ya koma yadda yake a da. Yin haka tamkar cire ƙyauren gida ne don makulli ya yi tsatsa. Hanya mafi aminci ita ce a sabunta manhajar tsohuwar na'urar, idan kuwa ba ta sabuntuwa, a kwashe fayilolin zuwa wata. A kuma riƙa ajiye kwafin muhimman takardu a wani faifai dabam wanda ba a haɗe yake ba, domin fayil ɗin da kowa ke iya taɓawa, kuskuren mutum ɗaya ya isa ya shafe shi. Malamin da ke da kwamfutoci biyu a makaranta zai iya sa ɗalibansa su binciko lambar kowace ɗaya, su buɗe folda guda, su bi waɗannan matakai uku da hannunsu.